Yadda Ake Zaɓen Tirelar Zango ta Farko Daidai Ƙarfin Motarka a Amurka

Ranar da na fara ce wa mahaifiyata a waya za mu sayi tirela, sai ta yi shiru, can ta ce, "Kai kuma aikin ofis ɗin ka bari ka koma tuƙin babbar mota?" Sai da na yi mata bayani cewa wadda nake nufi ɗaki ne mai tayoyi, da gadaje da kicin da banɗaki a ciki, ana ɗaura shi a bayan mota a ja shi zuwa daji ko bakin tafki a kwana biyu a dawo. A nan Amurka, da zarar sanyi ya wuce, manyan tituna cika suke da su. Yawancinsu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su, inda kamfanoni irin su Forest River da Jayco da Keystone suke da masana'antu.

Mu shida ne a gida, ni da uwargida da yara huɗu, kuma kuɗin ɗakin otal biyu a kowace tafiya ya ishe mu. Muka je wani baje kolin tireloli, muka ga wata mai ƙafa 31, da gadajen yara hawa-hawa da ɓangaren da ke turowa waje ya faɗaɗa falo. Dillalin ya tambayi irin motata, na faɗa masa, ya duba wayarsa ya ce tana jan laba 8,200, ita kuwa tirelar 5,900 ce, ko a jikinta. Na ajiye kafin alƙalami. Da yamma maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya daga tuƙin manyan motoci, ya saurari labarin har ƙarshe, sannan ya buɗe ƙofar direba ta motata ya ɗora yatsa a kan wata 'yar sitika. Daga wannan sitikar aka fara lissafin da zan bi da kai yanzu, kuma kafin alƙalamin nan har yau bai dawo ba.

Duk awon da za a yi da laba ne, domin da ita ake rubutawa a jikin mota da tirela a ƙasar nan. Laba ɗaya ta yi kusan kilo 0.45, wato laba 1,000 kilo 454 ke nan.

Mataki na farko, ka manta da tirela tukuna, ka je wurin motarka. Buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kansa. Akwai sitika mai launin ɗorawa da fari wadda ke nuna iskar da ake ba tayoyi, kuma a samanta akwai layi ɗaya da ke cewa nauyin mutane da kaya gaba ɗaya kada ya wuce kaza. Wannan lambar ita ce ƙarfin ɗaukar motarka, ta wannan motar takamaimai, yadda ta fito daga masana'anta da kujerunta da rufin gilashinta. Mota biyu iri ɗaya, shekara ɗaya, za su iya bambanta da laba ɗaruruwa, shi ya sa lambar intanet ba ta da amfani a nan. Tawa ta ce 1,580. Kusa da ita akwai wata sitika mai ɗauke da GVWR, wato iyakar nauyin motar baki ɗaya da duk abin da ke kanta, da kuma GAWR guda biyu, iyakar abin da tayoyin gaba da na baya za su ɗauka. Ɗauki hoton duka. Sannan ka durƙusa a bayan motar ka karanta abin da ke rubuce jikin ƙarfen da ake zura ƙugiyar ɗaura tirela a ciki: yana da tasa iyakar, ta nauyin ja da ta nauyin da zai danne shi, sau da yawa lamba biyu-biyu, ɗaya in ƙugiya ce zalla, ɗaya in akwai sandunan raba nauyi, wato ƙarafan da ke rage wa bayan mota dannin tirela. A littafin motar kuma ka nemo GCWR, iyakar mota da tirela a haɗe.

Yanzu ga abin da dillali bai faɗa mini ba. Tirela ba ja kawai ake yi ba, ana kuma ɗaukar wani sashe nata. Wuyanta, wannan ƙarfen mai kusurwa uku da ke gaba, yana zaune ne a kan ƙwallon ƙugiya, yana danna bayan motar ƙasa. Domin ta bi mota salin-alin, dole nauyin da ke kan wuyan ya kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar bayan an yi mata lodi. In ya gaza haka sai ta riƙa kaɗa gindi hagu da dama a kan titi, abin da ke kifar da mutane ke nan. Tirelolin iyali, da tukwanen gas da batir a gaba, galibi suna zama wajen kashi 12 zuwa 14, don haka ni da kashi 13 nake lissafi. Wannan nauyin wuyan, kowace laba tasa, daga cikin 1,580 ɗin nan yake fita, tamkar wasu ƙarta huɗu ne suka hau bambar baya suka zauna.

Ita kuwa babbar lambar talla, 8,200 ɗin, ba ƙarya ba ce. Akwai ƙa'idar gwaji mai suna SAE J2807 da manyan kamfanonin motoci suka koma bi, Toyota tun 2011, su Ford da GM da Ram kuma daga motocin 2015. Gwaji ne mai tsanani, har da hawan tudun Davis Dam a Arizona, mil 11 da ɗoriya, cikin zafin da ya kai digiri 100 a ma'aunin Amurka, da na'urar sanyaya mota a kunne. Sai dai a lissafin nan mutum biyu kacal aka ɗauka suna cikin motar, kowanne laba 150. Babu yara huɗu, babu kula cike da naman kaza, babu kekuna. Mai iyali yana cinye ƙarfin ɗauka tun kafin ya je ko kusa da ƙarfin ja.

Mataki na biyu shi ne awon gida, kuma nan ne ake samun ɗan rikici. Ka fito da sikelin banɗaki kowa ya hau, da tufafinsa da takalminsa. Uwargida ta ce, "Maigida, ka rubuta jimla kawai, kada in ga lambata ita kaɗai a takarda." Haka aka yi: mu shida da kujerar auta muka tashi 665. Kayan da dole su zauna cikin mota, kula da jakunkuna da ruwan sha da akwatin sifana, 120. Ƙugiya mai sandunan raba nauyi ita kanta ƙarfe ce mai nauyi, tawa 90. Jimla 875. In ka cire daga 1,580, saura 705. Wannan shi ne iyakar abin da wuyan tirela zai ɗora mini.

Sai ka raba abin da ya rage da 0.13. Nawa ya ba da 5,423. Ma'ana, tirelar da zan iya ja da iyalina a cikin mota, da lodinta da komai, kada ta wuce laba 5,400. Mota mai tallar 8,200 ta koma mai 5,400. Waccan da na yi wa kafin alƙalami, 5,900 ɗin nan nauyinta ne wayam, iyakar nauyinta da lodi 7,600 ne, ko da na yi mata lodi ta tsaya a 7,000, wuyanta zai kai 910, na zarce da fiye da 200. Mu da muka taso muna ganin a-kori-kura ta ɗauko buhunan masara har ƙasanta na shafar kwalta, direba na cewa Allah ya kiyaye hanya, laba 200 sai ta yi mana kamar wasa. A kan babban titin da kowa ke gudun mil 70, manyan motoci na wucewa suna tura maka iska, da 'ya'yanka a baya, ni dai ban ga abin wasa a ciki ba. Kuma ka bar sarari: yaron da ke laba 60 bana, nan da shekara uku ya haura 90, ga su huɗu.

Kafin ka wuce, gwada sauran lambobin. Nauyin wuyan kada ya wuce abin da ke jikin ƙarfen ƙugiya. Mota da tirela a haɗe kada su wuce GCWR. Wadda ta fi ƙanƙanta cikinsu ita ce hukunci. Wasu littattafan mota ma suna iyakance faɗin fuskar tirela, domin tirelar zango katanga ce a gaban iska, janta ya fi jan jirgin ruwa mai nauyi ɗaya wahala. Masu Honda Odyssey ko Toyota Sienna, waɗanda iyakarsu 3,500 ce, su karanta wannan shafin da kyau. Da iyali shida a ciki, abin da ya rage musu ƙaramar tirela ce mai naɗewa, irin mai rufin tanti. Toyota Highlander da Honda Pilot masu jan 5,000 suna kai wa ga ƙananan tireloli masu taya ɗaya kowane gefe. Ko masu Ford F-150 kada su saki jiki, akwai waɗanda sitikarsu ba ta fi tawa ba.

Mataki na uku, yanzu ka koma wurin tireloli, da lamba ɗaya a aljihu. A takardar talla za ka ga nauyinta babu komai a ciki. Kada ka yi lissafi da shi, ba wanda ke tafiya da tirela wayam. Zagaya gefen hagu ta gaba, akwai sitika mai nuna GVWR ɗinta, iyakar nauyinta da lodi. Da ita za ka gwada. In GVWR ɗin tirelar bai wuce lambar aljihunka ba, kana cikin aminci ko da uwargida ta kwaso tukwanen gidan duka. A jikin ƙofar shiga ko kusa da ita akwai wata sitika mai launin ɗorawa da ke nuna yawan kayan da wannan tirelar za ta ɗauka. In ta gaza laba 900 ga iyali shida, za ku takura.

Mutum ba ya yarda da yadda kaya ke taruwa sai ya auna. Galan ɗaya na ruwa laba 8.3 ne, tankin galan 40 a cike ya kai 332. Tukunyar gas da ake kira mai laba 20, in ta cika da ƙarfenta, wajen 37 take, kuma biyu ake sakawa. Batir ɗaya 45 zuwa 60. Tukwanen gas da batir duk a kan wuya suke zaune, kuma nauyin wuyan da aka buga a takardar talla sau da yawa bai haɗa da su ba. Ƙara barguna, kujerun zama waje, tiyo, igiyar wuta, katakan daidaita taya, shinkafa da mai da garin tuwo, domin mu abincinmu muke ɗauka, ba kowane ƙauye ake samun naman halal ba. Iyali kan ƙara laba 800 zuwa 1,200 ba tare da sun ankara ba.

Tsawo ma abin dubawa ne. Masu zango suna da wani ƙiyasi na gargajiya, ba doka ba ce: mota mai tazarar inci 110 tsakanin tayar gaba da ta baya ta dace da tirela mai ƙafa 20, kowane ƙarin inci 4 kuma ya ba ka ƙafa ɗaya. Gajeriyar mota da doguwar tirela, tirelar ce ke tuƙa motar in iska ta taso. Ka kuma tambayi tsawonta tun daga ƙugiya har bamba, domin lambar da ke cikin sunan samfurin sau da yawa tsawon ɗakin ne kawai. Ga wani amfani na gajarta: yawancin tsofaffin wuraren zango na gandun dajin gwamnati an tsara su tun tireloli suna ƙanana, mai ƙafa 25 tana samun gurbi inda mai 33 ba ta samu.

Mataki na huɗu, tsarin ciki, kuma nan ka bar uwargida ta yi jagora. Ku shiga duka, ku rufe ƙofa, ku zauna minti ashirin kamar ana ruwan sama a waje. Babban yaro ya kwanta a gadon sama a ga ko ƙafarsa ta miƙe, a duba iyakar nauyin da aka rubuta jikin gadon. Ka shiga banɗaki ka rufe, ka gwada ko akwai wurin ajiye buta da wurin ɗaga ƙafa a yi alwala. Ka duba ko tsakar ɗakin za ta ɗauki darduma ɗaya a shimfiɗe. A tamu mutum ɗaya ke salla a ciki, in jam'i ne sai a fita ƙarƙashin rumfa. In tana da ɓangare mai turowa waje, ka sa a mayar da shi ciki ka ga ko ana iya kaiwa ga banɗaki da firji a haka, domin a haka za ta kasance duk lokacin da kuka tsaya a hanya yaro ya matsu. Wannan ɓangaren yana da daɗi, amma yana ƙara ɗaruruwan laba, ga inji da robobin da ke lalacewa. Mu mun haƙura da shi. Teburin cin abinci ne ke komawa gado da dare, ana naɗewa da safe, kuma ba zan ce ba ya gundura ba.

Sabuwa ko ta hannu? Ni ta hannu na saya, mai shekara huɗu, kuma ita nake ba mai farawa shawara. Sabuwa tana faɗuwa a farashi da wuri, kuma dillalai suna miƙa bashi mai ruwa na shekara goma zuwa sha biyar don kuɗin wata ya yi kamar ba komai. Wanda ke gudun riba ya tara kuɗinsa ya sayi ƙarama. Babban abokin gabar ta hannu ruwa ne. Ka taka ko'ina a daɓen, musamman bakin ƙofa da gefen banɗaki, in ka ji ya lotsa ka yi sallama. Buɗe kowane kabad na sama ka shinshina, ka danna kusurwoyin silin. Daga waje ka kalli bangon ta gefe, in ya yi kumburi kamar ƙurji, ruwa ya shiga ya raba fatar da katako. Hau tsani ka duba liƙin rufin. A jikin taya, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe suna nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun zanenta bai goge ba, in ta haura shekara biyar ka sa kuɗin sababbi cikin ciniki. Ka sa a kunna firji da na'urar sanyaya ɗaki da murhu da famfo a gabanka.

Mataki na biyar, kayan haɗi. Tirelar zango tana da birkinta na lantarki, amma ba ya aiki sai akwai na'urar sarrafa shi a cikin mota da soket mai baki bakwai a baya. Wasu motocin suna zuwa da na'urar, wasu sai an saka. Jihohi da yawa sun wajabta birki ga tirelar da ta kai laba 3,000, Kalifoniya tun daga 1,500. Ƙwallon ƙugiya na yawancinsu inci 2 da 5/16 ne, a duba abin da aka buga jikin wuyan, kada a zura ƙarami cikin babban baki. Sandunan raba nauyi suna mayar da wani sashe na nauyin zuwa tayoyin gaba da na tirela, sitiyari ya daina yin sako-sako, fitilu su daina haska sama. Ka nemi irin wadda ke haɗe da maganin kaɗa gindi. Amma ka sani ba ta ƙara wa sitikar ƙofa ko laba ɗaya, kuma wasu motocin littafinsu ya hana amfani da ita, a duba tukuna. Sai madubin ƙari, in tirelar ta fi motar faɗi.

Mataki na shida shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, alhali kuɗinsa bai kai na abincin rana ba. Bayan ka yi lodi kamar za a tafi da gaske, kowa a kujerarsa, tankin mai a cike, ka nufi tashar manyan motoci mai sikelin auna motoci na kamfanin CAT. Faifai uku ne a jere: tayoyin gaba a na farko, na baya a na biyu, na tirela a na uku. Ka auna sau uku. Na farko da sanduna a ɗaure, yadda za ka yi tafiya. Na biyu ka kwance sandunan, tirela na nan a ƙugiya. Na uku ka ajiye tirelar a filin ajiye motoci ka auna mota kaɗai. Nauyin faifan farko da na biyu a awo na biyu, in ka cire na mota kaɗai, shi ne nauyin wuya na gaskiya.

Ga tawa takardar. Mota kaɗai da mu a ciki, 6,580. Da tirela, sanduna a kwance, motar ta koma 7,240. Bambanci 660, shi ne wuya. Tayoyin tirela 4,440, wato dukanta 5,100, wuyan ya kama kusan kashi 13. Iyakar motata 7,300 ce, don haka ko babu sanduna ina da sararin laba 60, da sanduna kuma sararin ya ƙaru. Awo na farko shi za ka gwada da GAWR, musamman na baya, nan ne aka fi zarcewa. In wuya ya yi nauyi, mayar da wasu kaya kan tayoyin tirela ko ka kwashe na but ɗin mota zuwa cikin tirelar. In ya yi sauƙi ƙasa da kashi 10, ka dawo da kaya gaba, kuma kada ka rataya kekuna ko janareta a bambar baya don rage wa mota nauyi, nan ne kaɗa gindi ke farawa.

Kafin tafiya ta farko, ka sami filin makaranta ranar Lahadi ka koyi ribas. Riƙe sitiyari ta ƙasa, inda hannunka ya nufa nan bayan tirelar zai nufa. Ka yi yarjejeniya da mai tsaya maka a baya cewa in ba ka ganin sa a madubi, tsayawa za ka yi. Mu da waya muke yi yanzu, bayan wata rana da "hagu" ɗin uwargida da nawa suka saɓa a gaban jama'a. A titi ka tsaya tsakanin mil 55 da 65 a awa. Tayoyin tirela da yawa iyakarsu 65 ce, a Kalifoniya kuma doka ta tsayar da mai jan tirela a 55. In ta fara kaɗawa, kada ka taka birkin mota da ƙarfi, kada ka yi kokawa da sitiyari: ɗaga ƙafa daga totur, ka matse maɓallin hannu na birkin tirela, za ta miƙe. A gangara ka sauko da giya inji ya riƙe, birki ya huta. In tafiyar ta duwatsu ce kamar Kolorado, inda titin I-70 ke haura ƙafa 11,000 a ramin Eisenhower da ya ratsa cikin dutse, ka tuna inji marar turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) yana rasa kusan kashi 3 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, don haka a tafi da tankin ruwa kusan wayam a cika a can.

Zangonmu na farko bai fi tafiyar minti arba'in daga gida ba, da gangan, kuma ya yi amfani, domin sai da muka isa aka gano an bar tiyon ruwan sha da tukunyar shinkafa a gareji. Na kwance tirelar, na sa mata katako a taya, na koma na ɗauko su kafin magariba.